Hanyar da Mota Ba Ta Bi: Daga Karkarar Faransa Zuwa Adjamé da Burtalinmu

 Ga abin da muka tattauna a shirin wannan mako, mun sa shi a takarda domin wanda bai samu ji ba, da wanda ya ji rabi batir ya mutu masa.

Maganar ta taso ne daga saƙon murya da wani ɗan'uwanmu ya aiko daga Abijan. Alhaji ne mai sayar da albasa a Adjamé, ya daɗe a can. Ya ce ɗansa da ke karatu a Faransa ya turo masa hoto a WhatsApp, yaron a kan keke, a wata hanyar burji mai tsabta da ta ratsa tsakanin gonaki, kuma ya shaida masa cewa ya yini yana tafiya bai gamu da mota ko ɗaya ba. Alhaji ya ce abin ya ƙi shiga kansa. Ƙasar da ke ƙera Peugeot da Renault, a ce ta yi hanya ta hana mota hawa, kuma ba kwalta? Mu muna nan muna roƙon a zuba mana kwalta, su suna gudunta? Ya ce a binciko masa, ko yaron wasa yake masa da hankali.

To Alhaji, yaro bai yi maka ƙarya ba. Kuma da muka bi maganar, sai muka tarar ta fi shafar Ardo da garkensa fiye da mai hawan keke.

Wanda ya san Adjamé ba zai ga laifin Alhaji ba. Nan ne mahaɗar Abijan: babbar tashar motocin da ke shiga cikin ƙasa da na ƙasashen maƙwabta, ga kasuwar Forum, ga Black Market ta wayoyi da kayan lantarki, ga titin Nangui Abrogoua wanda in ka shige shi da hantsi sai dai ka yi tafiya da kafaɗa. Gbaka, ƙananan bas ɗin nan da yaran mota ke rataye a ƙofarsu, na tsayawa inda suka ga dama. Woro-woro na kutsawa. Mai wotro, wato kurar da ake turawa da hannu, yana tsakiya da buhunan albasa yana ihu a ba shi hanya. Ƙidayar 2021 ta samu mutum fiye da miliyan 5 da rabi a birnin. Daga Adjamé zuwa Treichville, inda tashar jirgin ƙasa take kuma tashar jiragen ruwa ke kusa, tafiyar ba ta kai kilomita 10 ba, amma sai ka ratsa Plateau, ka haye ruwa ta gadar Houphouët-Boigny ta 1957 ko gadar De Gaulle ta 1967, kuma da yamma wannan 'yar tafiya na iya cinye maka la'asar har da magariba. Mutumin da ya saba da haka, in ka ce masa akwai hanyar da ba a jin hon, dole ya ce tatsuniya ce.

Abin da yaron ya hau, Faransawa na ce masa voie verte, wato koriyar hanya. Tun shekarar 2004 sunan ya shiga dokar hanya ta ƙasar: hanya ce da aka keɓe wa mai tafiya a ƙasa, da abin hawa marar inji, da mahayin doki inda aka yarda. Keke mai batir na iya bi, matuƙar batir ɗin yana daina taimako in gudu ya kai kilomita 25 a sa'a. Faɗinta yawanci kamar mita 3 ne. Wasu an shafa musu kwalta, wasu kuwa tsakuwa ce da dakakken dutse aka daddaɓe, irin abin da mu muke kira burji.

Ga abin da ya kamata ku riƙe: yawancin hanyoyin nan ba sababbi ba ne. Tsofaffi ne da aikinsu na farko ya mutu, aka hana filin ya salwanta.

Kashi na farko tsofaffin layukan dogo ne. A da kusan kowane ƙaramin gari a Faransa yana da tashar jirgi. Da mota ta yi yawa aka rufe dubban kilomita na ƙananan layuka, aka ciccire ƙarfen, ciyawa ta rufe. A 1997 hukumar yankin Saône-et-Loire ta gyara tsohon layin da ke tsakanin garuruwan Givry da Cluny, kilomita 40 da 'yan kai, ta buɗe shi ga masu keke, kuma ana lissafa shi cikin na farko-farko a ƙasar. Layin dogo yana da daɗin keke saboda jirgi ba ya iya hawan tudu mai tsauri. A kowace mita 100 da wuya hawan ya wuce mita 2 ko 3. Gadoji na nan, ramukan da aka huda cikin duwatsu na nan, magudanan ruwa na nan, duk magabata sun riga sun biya kuɗinsu.

Kashi na biyu gefen kogunan da aka haƙa da hannu ne. Kafin inji, jirgin ruwan kaya doki ne ke jan sa da igiya yana tafiya a bakin ruwa, don haka kowane irin kogin nan yana da turba a gefensa. Wanda ya fi suna shi ne Canal du Midi, da aka haƙa daga 1666 zuwa 1681, kilomita 240 daga birnin Toulouse zuwa bakin tekun Bahar Rum. Dawakan sun tafi, turbar ta rage. Daga irin waɗannan guntaye ne aka harhaɗa dogayen hanyoyi, kamar ta bakin kogin Loire mai kimanin kilomita 900, da wadda ake kira Vélodyssée da ta bi gaɓar tekun Atlantika daga Roscoff zuwa Hendaye a kan iyakar Sifen, fiye da kilomita 1,200. A nan sai mu gyara wa yaron Alhaji magana kaɗan: ba duk tsawon waɗannan ne babu mota ba. Akwai wuraren da ake haɗa hanya da motoci a ƙananan titunan ƙauye, sannan a sake rabuwa.

Kashi na uku hanyoyin gona ne da na daji, na tarakta da na masu itace. Su ne masu keken burji suka fi so, kuma su ne za mu dawo kansu, don a nan maganarmu take.

Shi keken kansa ba wani abin al'ajabi ba ne. Kansa lanƙwasasshe ne kamar na tsere, amma tayarsa ta fi kauri, milimita 35 zuwa 50, ba a cika mata iska sosai don ta shanye duwatsu. Da yawa ba su da tib a ciki. Wani ruwa mai danƙo ake zubawa wanda ke toshe huda da kansa. Wannan kam da zai zo mana da araha, da masu faci sun koka, don ƙayar aduwa da tsidau sun gama da mu. Mai matsakaicin kyau yakan kai Yuro 1,000, wato sefa dubu 656 ke nan, kuɗin sa mai kyau. Dattawanmu da suka yi fatauci a kan Raleigh da Phoenix, da buhun gero a kariya da galan biyu a gefe, daga Jibiya zuwa Maraɗi ko daga Illela zuwa Ƙonni, sun yi shekara da shekaru suna wannan hawa. Bambancin kawai, su neman abinci ne ya fito da su, Bature kuma hutu.

Yanzu tambayar Alhaji ta biyu: me ya sa burjinsu ke zama sumul, namu kuwa damina ɗaya ta mayar da shi kwazazzabo?

Abu biyu ke kashe burji, ruwa da nauyi. Hanyar burji ta gari tana da doro a tsakiya, ruwa ya gangara hagu da dama ya faɗa lambatu. Ranar da doron ya baje, ruwa ya kwanta a kai, ƙasa ta jiƙa ta yi laushi, to duk abin da ya taka sai ya bar rami, ramin kuma ya tara wani ruwan. Shi ya sa a ƙasashen renon Faransa kuka san shingen da ake sa wa hanyoyin jar ƙasa in an yi ruwa, a tsare manyan motoci sai ƙasa ta sha iska. Direba na jin haushi, amma shingen nan shi ke sa ya samu hanyar komawa.

Nauyi kuwa lissafinsa ya fi yadda ake zato muni. Wani babban gwaji da aka yi a Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna cewa in ka ninka nauyin da ke kan layi ɗaya na ƙafafun mota sau biyu, ɓarnar da yake wa hanya ba sau biyu take ƙaruwa ba, kusan sau 16 ne. A kan kwalta aka yi gwajin, amma darasin ya hau kan burji ma. Wannan ne dalilin dokar nan ta UEMOA mai lamba 14 ta shekarar 2005, wadda ta sa ake ɗora kamyonku a sikeli a hanyar Abijan da ta Kwatano da ta Lome. Mun san ana kuka da ita, mun kuma san abin da ke faruwa a wasu sikelin, amma asalin lissafin gaskiya ne. Tirela ɗaya da aka yi wa lodin wuce kima ta fi kekuna dubu dubai cin hanya. Gargadar nan ma da ke kakkarya ƙashin baya, ƙafafun mota masu gudu ne ke tara ta a kan ƙasa marar danƙo. To ka cire mota daga kan burji, ka riƙa share lambatu, ka ga hanya ta daɗe da kuɗi kaɗan. Sirrin ke nan, ba wani dutse na musamman gare su ba.

Kada a fahimce mu a karkace. Ba cewa muke kada a yi kwalta ba. Albasar Galmi ba za ta isa Adjamé a kan keke ba, kuma mace mai naƙuda ba ta son labarin koriyar hanya, motar asibiti take so. Su ma Faransawa sai da suka ƙoshi da kwalta sannan suka waiwayi burji. Abin da muke cewa shi ne kowace tafiya da irin hanyarta, kuma in aka cusa kowa a hanya ɗaya, marar ƙarfi ne ke shan wuya.

Mu koma kan hanyoyin gonar nan. A dokar Faransa ana kiransu chemins ruraux, mallakar ƙaramar hukuma ne, kowa na da ikon bi. Amma suna da rauni guda: in manomin da ke gefe ya nome hanya ya haɗa da gonarsa, ya riƙe ta a fili shekara 30 ba wanda ya tashe shi, kotu na iya tabbatar masa da ita. Bayan yaƙin duniya na biyu, da tarakta ta zo aka harhaɗe ƙananan gonaki suka zama manya, hanyoyi masu yawa sun tafi a haka, an tuge shingayen itatuwa an bi ta kansu da garma. Ardo, wannan labari bai yi maka kama da wani abu ba?

Abin da suka yi a kai shi ne abin koyo. Tun 1947 masu son tafiyar ƙasa suka fara shafa jan fenti da fari a jikin itatuwa da duwatsu don nuna dogayen turbobi, kuma har yau 'yan sa-kai ne ke sabunta fentin. A 1983 aka yi doka cewa kowane yanki ya buɗe rajistar turbobinsa, kuma turbar da ta shiga rajista ba a sayar da ita sai an ba da madadinta, don kada tafiya ta yanke. A 2022 aka ƙara cewa in ƙaramar hukuma ta yanke shawarar ƙidaya hanyoyinta, lissafin shekara 30 ɗin nan zai tsaya har zuwa shekara biyu, kafin ta gama. Wato alama a ƙasa, suna a takarda, da ƙafa da ke bi kullum. In ɗaya ya ɓace cikin ukun, sauran biyun ba sa daɗewa.

Kuma su ma suna da burtali. A kudancin ƙasar, yankin Cévennes, ana ce masa draille. Ta nan ake kora tumaki daga kwari zuwa duwatsun Aigoual da Lozère in zafi ya shigo wajen watan Yuni, a sauko da su in sanyi ya kusa. A tudun Aubrac shanu ne, kuma al'ada ta tsayar da rana: hawa 25 ga Mayu, sauka 13 ga Oktoba. A 2011 UNESCO ta sa yankin Causses da Cévennes cikin wuraren tarihi na duniya saboda kiwon da ake yi a wurin, a watan Disamba na 2023 kuma ta karɓi al'adar tashi da dabbobi ta Faransa da wasu ƙasashen Turai cikin gadon ɗan Adam. Wasu turbobin da masu yawo da masu keke ke bi a yau, kofaton tumaki ne ya fara fitar da su.

Zaman ba ya rasa 'yar tsama. Tun da kyarkeci ya dawo Faransa daga Italiya a 1992, makiyaya suka koma ajiye manyan fararen karnuka da ake kira patou a cikin garke. Karen ba ya son abin da ya taho da gudu, mai keke kuwa da gudu yake tahowa. Sai aka kakkafa alluna: in ka ga garke ka sauka daga keke, ka tura shi a hankali, ka kewaye, kada ka ratsa tsakiya. A nan mai hutu ne ake ce wa ya kauce wa mai aiki.

Maƙwabciyarsu Sifen ta fi su nisa. Dokarta ta 1995 ta ce burtalin dabbobi dukiyar jama'a ce, ba a sayarwa, kuma daɗewar mutum a kai ba ta mayar da shi nasa. Tsawonsu duka kimanin kilomita 125,000 ne, babba faɗinsa har mita 75. Don kada a manta, akan kora tumaki ta tsakiyar birnin Madrid a watan Oktoba, a tsayar da motoci su wuce.

To mu fa? Mu ma ba takarda muka rasa ba. A Nijar akwai dokar karkara ta 1993, da hukumomin filaye da ta kafa tun daga gari har zuwa sama, waɗanda kuke ji ana ce wa Cofo, sannan dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 da ta ce tashi da dabbobi haƙƙi ne na makiyayi. A arewacin Najeriya akwai dokar makiyaya ta 1965. A 1998 ƙungiyar ECOWAS, wadda a ƙasashen renon Faransa ake ce wa CEDEAO, ta fitar da ƙa'idar ƙetare iyaka da dabbobi: takardar shaida mai ɗauke da yawan dabbobi da rigakafin da aka yi musu da hanyar da za su bi da inda za su sauka, a ƙetare da rana, makiyayi ɗaya aƙalla ga kowane kai 50, kuma ya kai shekara 18. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a watan Janairu na 2025, don haka kafin ku tashi ku leƙa ofishin ma'aikatan dabbobi na kusa da ku ku ji takardar da ake karɓa a mashigar da za ku bi. Ita ma Kwaddibuwa ta yi tata dokar ta zirga-zirgar dabbobi a watan Yuni na 2016, wata uku bayan rikicin Bouna na manoma da makiyaya da ya ci gomman rayuka.

Amma burtali ba a ofis yake mutuwa ba, a bakin gona yake mutuwa. Bana a ƙara kunya ɗaya, baɗi biyu. Ƙasarsa ta sha taki shekara da shekaru, ta fi ta gonar kyau, ga iyali sun ƙaru, gonar gado an raba ta har ta zama kamar tabarma. Ba mugunta ce kullum ke sa manomi ba, sau da yawa yunwa ce. Sai wata shekara garke ya taho ya tarar inda shanu ɗari ke wucewa a jere yanzu sai dai su bi ɗaya bayan ɗaya, gero hagu gero dama. Saniya ba ta san doka ba, ta kai baki. Sauran labarin kun fi mu sani. Makiyayi ma da nasa: a bar wa yaro ƙarami garke, ko a yi tafiyar dare kafin a saki gonaki, ko a bar burtalin da ke buɗe a yanke ta gona don gajarta. Inda aka kafa turakun siminti a gefe biyu, aka zauna da mai gari da Ardo da manoman da ke maƙwabtaka da wurin aka sa hannu, rigima takan ragu, don an samu abin nunawa da yatsa. Inda aka kafa turakun ba tare da manoma ba, kafin shekara ta zagayo sai ka ga an tuge su, wani ma ya zama dutsen murhu.

Akwai kuma abin da Faransa ba ta fama da shi. A wurinmu, a wasu yankunan Katsina da Zamfara da Sakkwato da kudancin Maraɗi, hanyar da mota ba ta bi ita ce hanyar da jami'in tsaro ba ya bi. Burtalin da tsoro ya hana bi shekara uku, in lafiya ta samu aka dawo, sai a tarar ya zama gona ko ya zama gida. Wannan ya sa rubuta shi a rajista yanzu ya fi gaggawa, tun dattawan da suka san iyakarsa suna raye.

Mu dawo Abijan, wurin Alhaji. Dabbobin da kuke aikawa can ba sa shiga birnin da ƙafa. A mota ko jirgin ƙasa suke isa, su nufi mayankar Port-Bouët, inda kasuwar dabbobi take har zuwa 2024. Layin dogon nan an fara shi a 1904, ya kai Bouaké a 1912, Bobo-Dioulasso a 1934, Wagadugu a 1954. Sunansa na da Abijan-Nijar, amma bai taɓa isa Nijar ba. Shi bai mutu ba balle a mayar da shi hanyar keke. A gefensa ma ake gina jirgin cikin gari mai kilomita 37, daga Anyama, garin goro, ya ratsa Abobo da Adjamé da Plateau da Treichville zuwa Port-Bouët. Sai dai kafin a fara aikin sai da aka rushe gidaje da rumfunan da suka shiga filin dogon a tsawon shekaru. Cin burtali ke nan irin na birni, kuma da aka zo karɓa, da kuka aka karɓa.

Masu wotro kuma, a watan Afrilu na 2024 hukumar birnin ta sanar da hana kurar hannu, tare da talla a manyan tituna da bara. Dalilin da ta bayar tsabta ne da rage cunkoso, kuma wanda ya taɓa maƙalewa a bayan kura a Nangui Abrogoua ya san akwai ƙamshin gaskiya. Amma buhun da aka sauke daga tirela ba zai tashi da kansa ya shiga lungun kasuwa ba, kuma da yawa cikin masu turawar 'ya'yanmu ne da suka je ci-rani. A ganinmu, in an kori marar inji daga babban titi, ya kamata a nuna masa nasa layin. Wagadugu ta yi wani abu mai kama da haka, inda wasu manyan titunanta ke da layin masu ƙafa biyu daban a gefe. Treichville ma da aka yanka ta layi-layi, tituna da lambobinsu kamar gidan dara, ba za ta rasa layi ɗaya ko biyu da za a iya bar wa kura da keke da mai tafiya a ƙasa a lokutan sauke kaya ba. Yanzu dai hanyar da ta fi kowace sauƙi tsakanin Treichville da Plateau ita ce ta ruwa, a jirgin fasinja na SOTRA.

Sai dajin Banco. Yana nan a bayan Adjamé, tsakaninta da Attécoubé da Yopougon da Abobo, hekta fiye da 3,000 na kurmi a tsakiyar birni. An mayar da shi gandun ƙasa a 1953, hukumar gandun daji ta OIPR ke kula da shi. A bakin rafinsa ne masu wankin nan da ake kira fanico suka yi suna. A ciki akwai hanyoyin ƙasa masu tsawo a ƙarƙashin manyan itatuwa, ba gbaka ba tirela, mutane na zuwa su yi tafiya ko su hau keke. Shi ma birni ya yi ta gutsurarsa ta gefe-gefe, da gini da shara da saran itace, har sai da aka kewaye wani ɓangarensa da katanga. Makiyaya ku lura, gandun ƙasa ne, ba a kiwo a ciki, ba a yankar ciyawa, kada wani ya ji mun ce kurmi ya ɗauka makiyaya ce.

Saƙonmu ga masu unguwanni da Ardo-Ardo da shugabannin ƙungiyoyin kasuwa da ke karanta wannan takarda: kafin damina ta kankama, a je wurin hukumar filaye ko ƙaramar hukuma a tambaya ko burtalinku da mashayarku suna cikin rajista, da faɗinsu nawa aka rubuta, a nemi kofi a ajiye a hannun mutum biyu, ɗaya manomi ɗaya makiyayi. Wanda ya je aka ba shi, ko aka hana shi, ya aiko mana da saƙo mu karanta a shiri.

Kai kuma Alhaji, in kana son ganin irin hanyar da yaronka ya hau, ba sai ka nemi biza ba. Ranar da kasuwa ta yi sauƙi ka hau gbaka mai zuwa Yopougon, ka ce a sauke ka kusa da ƙofar Banco, ka riƙe 'yan canji don ana biyan kuɗin shiga. Ka je da safe, kuma ka kauce wa watan Yuni, don ruwan Abijan a lokacin ba ya barin jar ƙasa ta taku. In ka je, ka ɗauki hoto ka tura masa.

A shiri na gaba za mu duba kuɗin da ake biya a kan kowane kan sa daga kara har zuwa Port-Bouët, wanne ne na doka, wanne ne ba shi da rasit. Masu lodin dabbobi, muna jiran saƙonninku. A huta lafiya.